Ramuka Goma Sha Ɗaya a Hanyar Assekrem

Har gobe, in uwargida tana son ta kashe mini baki a gaban baƙi, ba ta ɗaga murya. Sai ta ajiye mini kofin shayi ta ce, "Malam, ko a kawo maka shebur?" Baƙi su yi ta kallon-kallo, ni kuwa in sunkuyar da kai in kurɓa. Gara ka ji labarin daga bakina kafin ka ji shi daga nata, don ita tana ƙara gishiri. Ramuka goma sha ɗaya na haƙa, a lissafinta sun kai arba'in.

A hutun watan Afrilu na 2014 na tafi Tamanrasset. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Katsina, shekara goma sha tara ina zana Sahara da alli, ban taɓa taka ta da ƙafa ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya daɗe da zama a can yana sauke fatake, shi ne fatomansu, shi ne dillalinsu. Da uwargida ta ji zan tafi, sai ta ɗauko kuɗin adashinta na wata goma cur ta damƙa mini, in sayo mata barguna da dabino ta sayar. Na canza su zuwa sefa, na naɗe a leda, na cusa cikin gwangwanin madara. Muka bi ta Maradi, Agadas, Arlit, Assamaka, muka shiga Aljeriya ta In Guezzam, sannan wasu kilomita wajen 400 zuwa arewa.

Abin da ya kai ni ya baro kuwa wata 'yar na'urar GPS ce da na saya ta hannu a kasuwa a Kano, ruwan ɗorawa, kamar sandar sabulu. Na rataya ta a wuya kamar laya. Duk inda mota ta tsaya sai in ɗaga ta sama in yi shela: "Jama'a, yanzu muna digiri goma sha tara arewa!" Ba wanda ya tambaye ni. Wata tsohuwa ma ta ce in tambayar mata ita ko akwai ruwa a gaba. Da muka isa Tamanrasset, kafin in gama gaisawa da Kawu na sanar da shi cewa gidansa yana digiri 22 da minti 47 arewa, kuma kusan mita 1,400 sama da teku. Ya ce, "Madalla, ɗana. Shekara talatin ina kwana a ciki ban sani ba." 'Yan Nijar da ke masaukin, da suka ji ni malamin boko ne, sai suka laƙaba mini Mushe, yadda suke kiran malamansu da Faransanci. Na yi ta fama in nuna musu abin da kalmar ke nufi a wajenmu, suka ce sun sani.

Al'adar masauki sananniya ce: baƙo ya sauka, ya miƙa wa fatoma kuɗinsa, a ƙirga a gaban shaidu, a kulle. Kawu ya miƙo hannu. Na dubi akwatin ƙarfen da yake ajiya a ciki, na dubi ɗan kwaɗon da ke jiki wanda ko yaro zai ɓalle da cokali, na dubi mutum bakwai da za mu kwana ɗaki ɗaya, sai na ji bakina ya ce, "Bari dai, Kawu, ina da tsari na zamani." Bai ce komai ba. Ya janye hannunsa a hankali ya sa a aljihu, irin janyewar da in kana da hankali za ka kwana kana istigfari.

Kwana uku bayan haka Kawu ya shirya mini zuwa Assekrem, tsaunin da ke wajen kilomita 80 daga gari, cikin duwatsun Hoggar. Direban wani dattijon Ba'abzine ne abokinsa, a Agadas ya tashi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Baba muke ce masa. Da mu da yaron motarsa da ɗan autan Kawu. Gwangwani yana ƙugu na, yana ta gugar mini ƙashi a kowane gargada, kuma na ji an ce a can sama ɗaki ɗaya ake kwana da baƙi iri-iri. Wajen ƙarfe biyu muka tsaya a wata busasshiyar ƙorama don salla da shayi, nan dabara ta faɗo mini. Na ɗauki buta kamar mai zuwa kewayawa, na zaga bayan wani dutse, na tona yashi da hannu har gwiwar hannu, na binne gwangwanin uwargida, na shafe wurin. Na kunna na'ura, lambobi suna fitowa na danna ajiye, ko minti ɗaya ban jira ta natsu ba. Ta nemi in raɗa wa wurin suna. Na rubuta BANKI da manyan baƙaƙe. Na dawo ina murmushin wanda ya fi kowa wayo a Sahara, yashi har kafaɗa, buta kuma cike taf da ruwanta. Da za mu tashi Baba ya ce bari ya zubar da tokar shayi. Ni ina cikin mota ina sha'awar BANKI a fuskar na'ura, ban ko ɗaga kai ba.

Assekrem ya haura mita 2,700. A can ne wani limamin Kirista Bafaranshe, Charles de Foucauld, ya gina ɗan ɗakin kaɗaicinsa na dutse a 1911, mutumin da ya haɗa ƙamus na harshen Abzinawa, aka kashe shi a Tamanrasset a 1916. Kusa da nan akwai tashar da ake auna iskar duniya. Kowa yana kallon faɗuwar rana a kan tsaunuka yana tasbihi, ni kuwa na kama wani saurayi ma'aikacin tashar da ke jin Turanci, na ɗaga masa layata, na ce da wannan ko allura na jefar a hamada zan dawo in ɗauka. Ya yi 'yar dariya ta ladabi, ya ce raƙumi dai zan iya samu.

Sai ya zauna ya yi mini karatu, ni da nake yi wa mutane. Ashe tauraron GPS ba ya ganin kowa. Agogo ne kawai a sama, su wajen talatin, a nisan kilomita 20,200, kowanne yana ta shelar lokacinsa da inda yake. Na'urar wuyana saurare take yi: ta ji aƙalla huɗu, ta auna jinkirin da saƙon kowanne ya yi a hanya, ta mayar da jinkirin nisa. Saƙon yana gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya, don haka in aka yi kuskuren kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, an kauce da santimita 30, tsawon rular da nake buga tebur da ita a aji. A sararin da babu iska saƙon yana falla gudunsa. Da ya kusato mu sai ya tarar da shinge biyu, kamar motar dabino a hanyar Arlit, kuma na'ura ba ta san an tsare shi ba, sai ta ɗauka tauraron ne ya yi nisa.

Shingen farko sunansa ayonosfiya, daga wajen kilomita 60 har zuwa 1,000 a sama, inda zafin hasken rana ke farfasa iska ta cika da cajin lantarki. Da dare takan yi shara-shara, jinkirin bai wuce na mita ɗaya ko biyu ba. Da rana ta yi kauri, ya kai mita goma, in tauraron ya yi ƙasa kusa da bakin sama ma ya ninka haka. Ita rana tana da zagayen tashin hankalinta na shekara goma sha ɗaya, 2014 kuwa a kan ganiyar ta faɗo. Ƙari a kan haka, layin tsakiyar maganaɗisun duniya ta cikin Najeriya ya ratsa, kuma kaurin ya fi taruwa a ɗamara biyu, ɗaya arewa da layin ɗaya kudu, Tamanrasset ba ta da nisa da ta arewan. Shinge na biyu ita ce wannan iskar da muke shaƙa. A bakin teku tana ƙara wa tauraron da ke tsakar ka mita 2.3, a tudu irin Tamanrasset kusan mita 2, tunda an baro wani kaso na iskar a ƙasa, danshi kuma a hamada bai taka kara ya karya ba. Na bakin sama kuwa sai ya sha ninki goma.

Na ce, cikin muryar da na yi ƙoƙarin ta fito kamar ta mai neman ilimi, "Da wane lokaci abin ya fi muni?" Ya ce wajen ƙarfe biyun rana. Cikina ya ɗuri ruwa. Saurayin ya ci gaba da magana, na ga bakinsa yana motsi, yana nuna na'urar, yana ɗaga yatsu biyu. Ashe rabin karatun da zai cece ni ke nan. Ni lokacin hankalina yana Katsina, ina ganin fuskar uwargida da ta matan adashi su tara.

Daren nan ban runtsa ba. Sanyin Assekrem ya sa haƙorana suna kaɗa kalangu, na lulluɓa da bargo biyu, na kunna tocila, na buɗe littafin darasi. Ka saurari lissafin, don har yau ina ganin kyansa. Iskar ƙasa mita 2, ta sama mita 10, jimla 12. Saura in san ta wace fuska aka cuce ni. Sai na tuna duk farantan dish da na gani a rufin gidajen Tamanrasset kudu suke kallo. Ke nan taurarin ɗan adam a kudu suke. In jinkiri ya sa na'ura ta ɗauka sun fi nisa, to ta tura ni arewa ke nan. Magani: in tsaya inda ta ce BANKI, in auna mita 12 kudu, in tona. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar, na ba kaina maki goma bisa goma. Har na fara tunanin yadda zan ba da labarin a ɗakin malamai.

Da hantsi muka iso ƙoramar. Na ce wa Baba ya tsaya, zan ɗebi samfurin ƙasa don ɗalibai. Ya ce to. Ya sauka, ya taka zuwa wasu duwatsu uku da tsohuwar toka a tsakaninsu, ya hura gawayi, ya ɗora buta. Ni kuma na ari shebur ɗin da ake fidda mota in ta kafe, na bi kibiyar na'ura. Ta ce saura mita shida, na taka, ta ce uku, na taka, ta ce na iso, ina tsaye ban motsa ba ta ce mita huɗu a bayana. Dutsen da na zaga jiya kuwa ya haifi 'yan'uwa cikin dare, duk inda na duba ga irinsa. Na zaɓi tsakiyar rawar da kibiyar ke yi, na juya kudu, na auna taki goma sha biyu manya-manya kamar soja, na tona. Yashi. Na faɗaɗa. Yashi. Na koma littafi, na gane kuskurena: ai yanzu ma akwai jinkirin hantsi, dole a ɗebe shi. Na ɗebe biyar, na tona a taki bakwai. Na ga ashe ƙarawa ya kamata in yi, na tona a sha bakwai. A rami na huɗu na cire babbar riga. A na biyar tafin hannuna, wanda bai san abin da ya fi alli nauyi ba, ya yi bororo ya fashe.

Baba ya kira ni kofin farko, mai ɗaci. Na zo na zauna dab da murhun, ina haki, kuma don kada shirun ya yi yawa sai na shiga koya masa ayonosfiya. Na zana masa duniya a yashi, na zana shinge biyu, na ce duk wahalar nan da yake gani iska ce ke jawo ta. Ya gyara rawaninsa, ya dubi ramukana, ya ce, "Gaskiyarka, Mushe. A garinmu ma in muka ga mutum yana haka, cewa muke iska ce." Yaron mota ya ƙware da shayi. Ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Wajen rami na bakwai wani makiyayi ya iso da awakinsa, ya tsuguna a inuwa yana kallo. Lokacin ne labarin zinaren Djado ya fara karaɗe hamada, kowa ka gani da na'ura a hannu an san abin da yake nema. Ya yi magana da yaren Abzinawa, yaron mota ya fassara: wai in na samu, a tuna da shi, kakansa ne ya fara kiwo a ƙoramar. Can sai ya ƙara da cewa na'urar masu zinare ƙasa ake nuna wa, me ya sa ni nake nuna wa sama tawa? Wata akuya ta leƙa rami na uku, ta dube ni, ta wuce. Aka kira ni kofi na biyu, na sha a tsaye. Na bar lissafi, na koma tona duk inda zuciyata ta raya mini, har da gindin wani itacen ƙaya da na tabbata ban taɓa zuwa kusa da shi ba. Ka lissafa da kanka: da'irar da ta kai mita biyar ta kowace fuska ta kusa murabba'in mita tamanin, bakin gwangwani kuwa tafin hannu ne. Ni da gyarana na mayar da filin ya fi na ƙwallon makarantarmu.

A rami na goma sha ɗaya shebur ya faɗi daga hannuna. Na ja ƙafa na zo gaban Baba, ba riga, ba hula, yashi har cikin kunne, na durƙusa na faɗi gaskiya: kuɗin matata ne, na binne, na ƙi ba Kawu. Muryata ta karye a wajen "adashi". Ya ce, "Sha na uku tukuna, shi ne mai zaƙi." Na sha, ban ji zaƙin komai ba. Ya wanke kofunansa ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya naɗe su a tsumma, kamar wanda ba shi da sauran aiki a duniya. Sannan ya sauke buta, ya ture duwatsun nan uku da ƙafa, ya share garwashi gefe, ya miƙa wa yaronsa shebur. Sau huɗu yaron ya kwasa. A na biyar muka ji ƙwal.

Gwangwanin da ɗuminsa. Sau uku na zo dab da shi ina shan shayi.

Baba ya ce tun jiya ya gane, don bai taɓa ganin wanda ya je kewayawa ya dawo da butarsa cike ba. Ya bi sawuna, ya ga wurin da na shafe yana ta kiran duk mai wucewa, sai ya zuba toka ya jera duwatsu, tunda ba mai tona tsohon murhu. Na ce, "Baba, don Allah me ya hana ka faɗa mini tun rami na farko?" Ya ce, "Ka ce ƙasa kake ɗiba wa ɗalibai. Na ga kuma ɗaliban da yawa." Na auna daga murhun zuwa inda na'ura ta fara tsayar da ni: taki huɗu. Ramina mafi kusa yana taki goma sha ɗaya, mafi nisa ban ƙirga ba, makiyayin ne ya ce ya kai jifan dutse.

Sai bayan na dawo gida na nemi sauran karatun da na toshe kunne a kansa. Na'urar ashe ta riga ta yi gyaranta tun kafin in sa baki. Cikin saƙon taurarin akwai lambobi takwas da ke kwatanta kaurin ayonosfiya, bisa tsarin da wani Ba'amurke, John Klobuchar, ya wallafa a 1987, wanda ke ɗauke wajen rabin kuskuren, kuma shi ma ƙarfe biyun rana ya ɗauka a matsayin ganiya. Iskar ƙasa tana da nata lissafin, irin na Saastamoinen na 1972, wanda nauyin iska kawai yake bukata ya ba ka kusan duk amsar. Ragowar ma ba gefe guda yake tura mutum ba. Taurarin dish ne ke tsaye a saman tsakiyar duniya, na GPS yawo suke a hanyoyi shida, suna gabas suna yamma suna arewa, don haka jinkirin da suka yi tarayya a kai yawancinsa cikin lissafin agogo da na tsawo yake nutsewa, kaɗan ke saura a faɗi. Yatsu biyun da saurayin ya ɗaga mini kuwa tashoshi biyu yake nufi: tauraron yana magana a 1575.42 da kuma 1227.60 na megahaz, ayonosfiya tana riƙe kowace daban, mai na'urar da ke jin duka biyun sai ya kwatanta su ya cire kusan duk jinkirin. Tawa kunne ɗaya gare ta. Tun 2018 aka fara sayar da wayoyi masu kunne biyu, abin da ya ƙara mini haushi. Masu safiyo kuma sukan kafa na'ura ɗaya a kan wurin da aka riga aka san lambarsa, duk ƙaryar da sama ta yi mata a wannan minti sai a cire wa ta biyun da ke yawo kusa. Da na karanta wannan sai na rufe littafin, don duwatsun Baba uku na gani.

Amma wannan duk daga baya ne. A daren da muka koma gari, ɗan autan Kawu ya riga ni shiga gida da gudu, kafin in cire takalmi masauki ya ɗauka, kafin in yi wanka an buga waya Katsina. Na zo gaban Kawu da hannu biyu naɗe da tsumma, na ajiye gwangwani. Ya kira shaidu biyu kamar yadda aka saba, ya ƙirga kuɗin a gabansu, suna cif, sai ɗan warin gawayi a ledar. Ya sa a akwatin ƙarfen nan, ya danna ɗan kwaɗon da na raina, ya jefa makulli a aljihu. Sannan ya dube ni da fuskar tausayi ya ce, "Ɗana, ko za ka sa wurin akwatin a na'urarka, kada ya ɓace mana cikin dare?"

Ɗakin ya fashe da dariya, har da mai tari a lungu. Ni ma na yi, hannuna a cikin aljihu, don kada su ga na riga na danna.